Dabarun bincike a ilimin halayyar ɗan Adam: me ake son ɗalibi ya koya?

Ɗalibi ya zo sanin halin mutane, me ya haɗa shi da kwas ɗin bincike da ƙididdiga?

A wannan fanni kowa gani yake shi gwani ne. Ba wanda ke ja da malamin kimiyya kan abin da ke cikin gishiri, amma dalilin lalacewar yaro ko mutuwar aure kowa na da fatawarsa. Tun da masani Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin gwajin halayyar ɗan Adam a Leipzig ta Jamus a 1879, abin da ya raba fannin da hirar majalisa shi ne a auna, a gwada, wani kuma ya maimaita ya gani.

Ta ina ya kamata malami ya fara?

Ni a ganina, ya fara da yi wa ɗalibansa wayo. Haka Bertram Forer ya yi a Amurka a 1948. Ya ba ɗalibansa 39 gwajin hali, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda, wai sakamakonsa ne shi kaɗai. Da ya ce su auna yadda bayanin ya dace da su, suka ba shi kusan maki 4.3 cikin 5. Ashe takarda ɗaya ce aka raba wa kowa, jimlolin ma daga littafin masu duban taurari ya tsinto su: kana son mutane su so ka, kana yawan zargin kanka, da makamantansu. Wanda ya taɓa jin mai duba na cewa "akwai mai binka da sharri a cikin dangi" ya san salon. Ɗalibin da aka kama da wannan tarko a aji ba ya mantawa, ko da ya manta ma'anar da ya haddace don jarrabawa.

Shi mai binciken zai iya yaudarar kansa ba da niyya ba?

Sosai ma. A Berlin an yi wani doki mai suna Hans da ake cewa ya iya lissafi, yana buga kofato daidai adadin amsa. Oskar Pfungst ya bi diddigi, ya fitar da sakamako a 1907: idan mai tambaya bai san amsar ba, ko dokin bai ganinsa, sai ya yi ta kuskure. Ɗan motsin kai da jikin mai tambaya yake karantawa, shi kuwa mutumin bai ma san yana yi ba. Shi ya sa idan an raba mutane rukuni-rukuni don gwaji, ake ɓoye wa mai gwajin rukunin da kowa yake, kada ya ba su alama bai sani ba.

Abin da aka buga a babbar mujalla fa, ba shi ke nan ba?

Ina! A 2011 Daryl Bem ya buga gwaje-gwaje tara a wata babbar mujallar fannin, yana cewa mutane na iya jin abin da bai faru ba tukuna a jikinsu, kuma da irin ƙididdigar da kowa ke amfani da ita ya kai ga hakan. A shekarar ce asirin Diederik Stapel na Jami'ar Tilburg ya tonu, ƙirƙirar alƙaluma yake yi. Sai a 2015 masu bincike da dama suka haɗu suka maimaita nazari 100, kashi 36 cikin ɗari kawai suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. Daga nan aka ƙara matsa wa masu bincike su rubuta hasashensu da tsarin aikinsu a fili kafin su tattara bayanai.

Sakamakon Turai da Amurka na aiki a kanmu?

Sai an gwada. Joseph Henrich da abokan aikinsa sun nuna a 2010 cewa kashi 96 cikin ɗari na waɗanda ake gwaji a kansu a manyan mujallu sun fito ne daga ƙasashen da ke da kashi 12 kacal na mutanen duniya, da yawansu ma ɗaliban jami'a ne. Ga kuma matsalar harshe. Ɗalibi a Kano ko Maraɗi ya ɗauko takardar tambayoyi ta Turanci ya fassara, sai kalmar "damuwa" ta haɗiye fargaba da baƙin ciki da ciwon da likita ke nufi. Don haka ake ba wani daban fassarar ya mayar da ita Turanci ba tare da ya ga ta asali ba, a kwatanta biyun, sannan a jarraba ta kan mutane kaɗan kafin a fita da ita unguwa.