Waiwaye: Yadda Chadi da Libiya Suka Yi Shekara 21 Suna Jayayya Kan Zirin Auzu

Duk wanda ya duba taswirar Afirka zai ga iyakar Chadi da Libiya a miƙe take sambal, layi biyu da suka ratsa hamada ba lanƙwasa. A kudu da wannan layi akwai wani ziri mai faɗin kimanin kilomita 100, girmansa ya kai murabba'in kilomita 114,000, wato kusan girman Jamhuriyar Benin ke nan. Shi ne Zirin Auzu. Yashi ne da duwatsun Tibesti, ruwa sai an bi sawunsa, mazaunansa kuma Tubawa ne makiyaya raƙuma da awaki, masu lambunan dabino a 'yan ƙoramu. Yawansu bai taka kara ya karya ba. Amma a kan wannan fili aka yi yaƙin tankoki da jiragen sama, dubban mutane suka mutu.

Tushen rigimar takarda ce da aka sa wa hannu amma ba ta taɓa fara aiki ba. A 1899 Birtaniya da Faransa suka shata wa juna iyakar yankunan da kowacce ke ikirari, suka ƙara tabbatar da ita a 1919, Auzu ta faɗa ɓangaren Faransa. Italiya da ta ƙwace Libiya daga hannun Turkawa ba ta gamsu ba, domin tana ganin an ci da guminta a Yaƙin Duniya na Ɗaya ba a saka mata ba. A watan Janairun 1935 ministan harkokin wajen Faransa, Pierre Laval, ya je birnin Rum ya sa hannu da Musolini a kan yarjejeniyar da ta bar wa Italiya zirin. Toshiyar baki ce, don kada Musolini ya haɗa kai da Hitila. Sai dai ba a taɓa musayar takardun amincewa ba, wanda shi ne matakin ƙarshe da ke sa yarjejeniya ta fara aiki, kuma a 1938 Italiya da kanta ta yi fatali da ita, tana hangen rabo mafi tsoka.

Libiya ta sami 'yanci a 1951. Ranar 10 ga Agusta 1955 gwamnatin Sarki Idris ta ƙulla yarjejeniyar abota da Faransa, aka lissafa tsoffin takardun da za su zama hujjar iyaka. Ta 1935 ba ta cikin lissafin. A lokacin ba wanda ya damu da wannan giɓi.

Chadi ta karɓi mulkin kai a 1960, amma sojojin Faransa ne suka ci gaba da riƙe arewa har 1965. Da jami'an Shugaba Tombalbaye suka maye gurbinsu, muzgunawa da haraji suka tunzura mutanen arewa, ƙungiyar tawaye ta FROLINAT ta kafu a 1966. Gaddafi ya hau mulki a 1969 ya tarar da maƙwabciya a yamutse. A 1973 sojojinsa suka shiga Auzu, suka kafa sansani, aka fara raba wa mazauna katin shaidar zama ɗan Libiya. An daɗe ana raɗe-raɗin akwai yuraniyom a ƙarƙashin duwatsun, kuma wannan zance ya yi tasiri ƙwarai, amma har yau ba a buɗe mahaƙarsa a wurin ba. A ganina abin da Gaddafi ke so ya wuce ma'adini: ƙofa yake nema ta shiga siyasar Njamena.

Ya kuwa same ta. Zaman sulhun da Najeriya ta shirya a Kano da Legas a 1979 ya haifar da gwamnatin riƙo ƙarƙashin Gukuni Waddai, Batube ɗan Tibesti, amma ba a jima ba ya ɓata da ministan tsaronsa Hisen Habre. Tankokin Libiya suka taya Gukuni ƙwace Njamena a Disambar 1980, wata guda bayan haka aka sanar da shirin haɗe ƙasashen biyu, abin da ya tayar da hankalin maƙwabta. Habre ya dawo ya karɓe mulki a 1982. Faransa ta turo sojoji a 1983, ta shata layi a tsakiyar ƙasar, Chadi ta zama biyu: arewa a hannun Libiya da 'yan korenta, kudu a hannun Habre.

Shekarar 1987 ce ta juya komai. Gukuni ya riga ya saɓa da Gaddafi, mayaƙansa suka koma gefen gwamnati. Sojojin Chadi ƙarƙashin Hassan Jamus suka hau motocin Toyota a-kori-kura, an girke musu makamai masu fasa tanka samfurin Milan da Faransa ta bayar. Tanka nauyi gare ta, kafin ta juya bakin bindigarta motar ta zagaye ta. A 2 ga Janairu suka murƙushe rundunar Libiya a Fada. A watan Maris suka kama Wadi Dum, babban sansanin jiragen Libiya a arewa, suka kwashe ganimar makamai tuli. Cikin fursunonin da aka kama a wannan yaƙi har da wani Kanar Khalifa Haftar. Gaddafi ya juya masa baya, shi kuma ya ƙare a Amurka, ga shi yau shi ke riƙe da gabashin Libiya. A Agusta 'yan Chadi suka shiga garin Auzu, Libiya ta ƙwace shi kafin wata ya ƙare, su kuma suka rama da kai hari sansanin Matan as-Sarra, cikin Libiya kanta. Aka tsagaita wuta ranar 11 ga Satumba.

Duk da wannan nasara, zirin yana hannun Libiya. Abin da bindiga ta kasa, lauyoyi suka yi. A 1990 ƙasashen biyu suka kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg. Libiya ta ce tun farko ba a taɓa shata iyaka ba, ta kafa hujja da gadon Daular Usmaniyya da na ɗariƙar Sanusiyya, ta nemi fili har can kudu da Auzu. Alƙalan ba su bi ta wannan dogon tarihi ba. Suka ce yarjejeniyar 1955 ta wadatar, kuma ko da an ƙulla ta ne na shekara 20, iyakar da aka amince da ita ba ta mutuwa da mutuwar takardar. Ranar 3 ga Fabrairu 1994 aka ba Chadi gaskiya da ƙuri'a 16, ɗaya tal ta ƙi, ta alƙalin da Libiya ta naɗa. Abin mamaki, Gaddafi ya bi hukuncin. Zuwa ƙarshen Mayu sojojinsa sun fice, a gaban 'yan sa-ido na Majalisar Ɗinkin Duniya.

Tubawa ne aka bari da jangwam. Ba a tambaye su ba a 1935, ba a tambaye su ba a 1994. Waɗanda Libiya ta ba takardu lokacin da take buƙatarsu, a 2007 ta ce baƙi ne 'yan Chadi, aka hana da yawansu makaranta da asibiti a Kufra, wani gari a kudu maso gabashin Libiya. Ita kuma Njamena ikonta a Tibesti bai taɓa yin ƙarfi ba. Ma'adinin da ya bayyana daga baya zinariya ce, wadda ta jawo dubban masu haƙa daga Chadi da Sudan da Libiya. A Mayun 2022 faɗa ya kaure tsakaninsu a Kuri Bugudi, kusa da iyakar, gwamnatin Chadi ta ce kimanin mutum 100 sun mutu. Ta wannan iyaka dai 'yan tawayen Chadi na ƙungiyar FACT suka kutso daga Libiya a Afrilun 2021, kuma a fagen daga da su Shugaba Idris Debi ya ji raunin da ya yi ajalinsa.