Auna bayanan manhajojin taswira domin wakilan AI

Auna bayanan manhajojin taswira domin wakilan AI aiki ne na duba littafin jagora da bayanan da masu manhaja suka rubuta, a ga ko wakilin AI zai iya karantawa ya yi aikin taswira daidai ba tare da mutum ya tsaya a kansa ba. Wakilin AI dai shi ne ƙirƙirarriyar basirar da ba hira kawai take yi ba, ita ce ke rubuta kod, ta kira manhaja, ta ga sakamako, ta ci gaba da kanta.

Manhajojin da ake magana a kai sun haɗa da QGIS ta zana taswira da nazarinta da Gary Sherman ya fara a 2002, da PostGIS ta adana bayanan wurare da ta fito a 2001, da GDAL ta karantawa da sauya fayilolin taswira, da Leaflet ta nuna taswira a shafin intanet, sai OpenStreetMap, taswirar duniya ta kyauta da Steve Coast ya kafa a Ingila a 2004. Bayanansu dukka domin mutane aka rubuta su, kuma shi mutum in ya ga abin da bai yi masa ba yakan tsaya ya tambayi oga ko abokin aiki, shi kuwa wakilin AI abin da ke rubuce shi yake bi, in babu sai ya cike gurbin da hasashe.

Abin da aka fi dubawa

Na farko, kuma a ganina shi ne babba, tsarin lambobin wuri. Birnin Katsina yana wajen digiri 13 arewa, 7.6 gabas. Leaflet tana son latitud (lambar arewa ko kudu) a gaba, shi kuma GeoJSON, wani tsarin fayil na bayanan taswira, bisa ƙa'idar RFC 7946 ta 2016, longitud (lambar gabas ko yamma) yake sawa a gaba, to in bayanin bai fito ƙarara ya faɗi wanne ke gaba ba wakilin na iya juya su, kuma babu saƙon kuskure da zai fito domin lambobin dukka halal ne, sai dai kawai rijiyar burtsatsen da ke Ƙofar Soro ta koma can cikin Kamaru, yamma da Ngaundere. Ita ma GDAL da ta fitar da siga ta 3 a 2019 ta canja yadda take jera lambobin nan a tsarin EPSG:4326, wato tsarin latitud da longitud na GPS, tsohon kod da yawa ya rikice.

Sai ma'auni. A PostGIS in aka nemi nisan Katsina da Daura da umarnin auna nisa na ST_Distance a kan nau'in bayanai na geometry a tsarin 4326 amsar tana fitowa wajen 0.7, wato digiri kenan, alhali tafiyar ta kai kusan kilomita 80. Da nau'in geography ne mita ke fitowa, ko kuma a mayar da bayanan zuwa UTM, tsarin da ke aunawa da mita, shiyya ta 32 ta arewa inda Katsina da Daura suke. Bayanin da ya ɓoye wannan a wani shafi can nesa bai ci jarrabawa ba. Ga kuma tsofaffin taswirorin safiyo na Najeriya da aka yi da ma'aunin Minna, wanda bai dace daidai da WGS 84 na GPS ba, kuma a rikicin iyakar gona ko fili 'yan mitoci ma magana ce babba.

Ana duba ko kowane misali ya faɗi sigar da yake aiki da ita. QGIS 3 ta 2018 ta koma harshen kod na Python 3, amma intanet har yau cike take da misalan siga ta 2, wakili kuma yakan gauraya su. Haka dokar amfani, Nominatim ta kyauta, manhajar neman wuri da suna ta OpenStreetMap, ba ta yarda a wuce tambaya ɗaya a daƙiƙa, wanda bai sani ba sai a toshe shi.

Yadda ake gwajin

Ana ba wakilin bayanan da aikin da an riga an san amsarsa, misali ya ƙirga asibitocin kowace ƙaramar hukuma cikin 34 na jihar Katsina, sai a duba ko kod ɗin ya tashi, ko amsar daidai ce, ko ya ƙirƙiro umarnin da babu shi, sannan a sake ba tare da bayanan ba a ga bambanci. Sababbin hanyoyi sun shigo, akwai fayil ɗin llms.txt na taƙaita wa AI bayanan shafin intanet da Jeremy Howard ya kawo shawararsa a Satumban 2024, da MCP, ƙa'idar haɗa AI da manhajoji da kamfanin Anthropic ya fitar a Nuwamban shekarar, da tsarin OpenAPI na bayyana yadda ake kiran manhaja. Suna sauƙaƙa karatu amma fa ba sa gyara bayanin da dama ya yi shiru a kan ma'auni.

Abin da ya shafe mu

Yawancin misalan manhajojin da biranen Turai da Amurka ake yin su. Gwajin da za a yi don ɗalibin jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ma'aikacin rigakafi a Daura dole ya haɗa da sunaye masu ƙugiya irin su Ƙanƙara da Ɗanmusa, ya duba ko bayanin ya faɗi yadda ake adana ƙ da ɗ a fayil ɗin taswira irin na shapefile, wanda sunan kowane ginshiƙinsa ma ba ya wuce harafi 10, ya kuma gwada abin da wakilin zai yi in an ce masa Sabon Gari ko Tudun Wada ba a faɗi na wane gari ba.