Me ake nufi da tsararren hoto mai salon mafarki?

Duk lokacin da hoton wani mawaƙi ko jarumin fim ya fito yana zaune a kan iska, ko ga huluna na shawagi a saman kansa, abin da ake fara cewa shi ne aikin kwamfuta ne. Wani lokaci haka ɗin ne. Amma wannan fanni ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba, kuma yana da ƙa'idojinsa.

Tsararren hoto shi ne wanda babu abin da aka tsinta a cikinsa. Wurin, tufafin, hasken, tsayuwar mutum, har inda zai kai dubansa, duk an zauna an tsara su kafin a danna kyamara. Ɗan jaridar da ya tsaya a Ƙofar Soro ranar hawan Sallah jira yake abu ya faru ya ɗauka. Mai tsararren hoto shi ke haddasa abin da zai ɗauka. Ya kuma bambanta da hoton situdiyo na yau da kullum, wanda burinsa kawai a fito fes. Nan akwai maganar da ake son hoton ya faɗa a kan mutumin. Idan aka saka abin da ba zai yiwu a zahiri ba, amma ido ya gan shi tamkar gaske, to an shiga salon mafarki, wanda littattafan fasaha ke kira suriyalizim.

Salon ya samo asali ne daga wata ƙungiyar marubuta da masu zane a Faris, wadda André Breton ya fitar da takardar manufofinta a 1924. Misalin da ya fi shahara a fagen hoto shi ne wanda Philippe Halsman ya ɗauki mai zane Salvador Dalí a 1948. Dalí ya daka tsalle, kyanwoyi uku suna sama, ruwa ya yi baka a iska, kujera tana rataye. Babu kwamfutar gyaran hoto a lokacin. Mataimaka ne ke cilla kyanwoyin da watsa ruwan bokiti, an ɗaure wasu kayan da waya, an riƙe kujerar da hannu daga gefe. Bayan kowane gwaji sai an shiga ɗaki mai duhu an wanke fim a ga ko an dace, kuma an yi hakan fiye da sau 20 kafin a samu wanda mujallar Life ta buga.

A nahiyarmu ma abin ba baƙo ba ne. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyo a Bamako a 1948, yana ajiye rediyo, agogo da babur don masu zuwa su ɗauki hoto da su. Samuel Fosso, wanda ya taso a Najeriya kafin yaƙin basasa ya kai shi Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, kansa yake ɗauka cikin shigar wasu mutane. Tsofaffin hotunan da ke cikin albam a gidajen Katsina da Daura, masu labule da zanen jirgin sama ko bene, da kan tarho a hannu, 'yan gida ɗaya ne da wannan.

Me ya sa aka fi yin sa da shahararru? Fuskar da aka gani sau dubu ba ta da sauran abin mamaki, dole mai hoto ya nemo sabon abin faɗa. Mai ɗaukar hoto Annie Leibovitz ta ɗauki jarumar fim Whoopi Goldberg cikin bahon madara a 1984, kuma tunanin ya fito ne daga wasan barkwancin ita jarumar, inda take kwaikwayon yarinya baƙar fata mai son ta koma fara. Wato abin mamakin daga jikin mutumin aka ciro shi. A nan masu koyo da yawa ke kuskure: sai a liƙa wa mawaƙi fukafukai ko a ajiye zaki a gefensa, alhali babu abin da ya haɗa shi da su. Mai ɗaukar hoto David LaChapelle, wanda ya fara fice a mujallar Interview ta mai zane Andy Warhol, an san shi da launuka masu ƙarfi da kuma gina wurin ɗaukar hoton da gaske, da katako da fenti. Sai dai mai niyyar yin odar littattafansa ya sani cewa akwai tsiraici da wasa da alamomin addinin Kirista a cikinsu, ba na ajiyewa a falo ba ne.

Yanzu ga yadda ake yi. A ɗauka mawaƙi ne cikin farar babbar riga, a tsaye gaban katangar ƙasa, huluna 12 na shawagi kewaye da shi. Tun ran gini ran zane: a zana hoton a takarda tukuna, a nuna inda kowace hula za ta tsaya da gefen da haske zai fito. Abin da ba zai yiwu ba ya zama guda ɗaya tak, saura duka su bi ƙa'idar duniya. Idan hula na tashi, katanga na narkewa, sama kuma ta koma kore, ido ba zai yarda da ko ɗaya ba.

Ana kafa gora ko katako a sama, kimanin mita 3 daga ƙasa, yadda ba zai shiga hoto ba. A cusa takarda a cikin kowace hula don kada ta lotse, a rataye ta da zaren roba na kamun kifi. Zare biyu ake sa wa kowace hula, domin mai zare ɗaya juyawa za ta yi ta yi, aikin ɗinkin ya koma baya. A kashe fanka. Mutumin ya tsaya kamar mita 2 daga katanga don kada inuwarsa ta manne masa. Gilashin kyamara mai milimita 50, daga nisan mita 4, an juya kyamara ta ɗauki hoton tsaye, zai ɗauki kusan mita 3 daga sama zuwa ƙasa idan kyamarar mai cikakken faranti ce, wato farantin da ke karɓar haske a cikinta ya kai girman fim na da. A saita ƙofar haske a f/8, ISO (ƙarfin jin hasken kyamara) a 100, saurin ƙiftawa kuma 1/200 na daƙiƙa idan da filasha. Idan aka wuce saurin da kyamara ke iya daidaitawa da filasha, wanda galibi 1/200 ne ko 1/250, baƙin layi zai yanke gefen hoton.

Dole kyamara ta kasance a kan mazauninta mai ƙafa uku, a saita komai da hannu a kulle, har da fokas da ma'aunin launi. Dalili shi ne hoton da ake kira fanko: bayan an gama, kowa ya fita, a sauke hulunan, a ɗauki katangar ita kaɗai ba tare da an taɓa kyamara ba. Da wannan fankon ake goge zare a Photoshop cikin 'yan mintoci. Wanda ya manta da shi, ko wani ya yi tuntuɓe da ƙafar kyamara, zai kwana yana ƙirƙirar katanga da hannu, kuma ƙwararre zai gane.

Idan mutumin ne zai tashi sama, a kan benci ko kujera yake zama, daga baya a goge ta. Abin da ke tona asiri shi ne tufafi. Inda jiki ya danne kujera, riga takan baje, sai a ga mutum a iska amma mazauninsa a shafe. Maganinsa a saki rigar ta sauko ta gaban kujerar ta rufe bakinta, wani kuma ya ɗan ɗaga gefenta daga waje. Sai inuwa. Mutumin da ba shi da inuwa a ƙasa kamar an yanko shi aka liƙa yake, don haka a bar inuwarsa ta gaske, ta kujerar kaɗai za a cire.

Haske ne ya fi wahalar da masu haɗa hoto biyu. Idan rana ta fito daga hagu a hoton bayan, fuskar mutum kuma an haska ta daga dama, ko wanda bai san sana'ar ba zai ji wani abu bai zauna ba. Haka tsayin kyamara: wanda aka ɗauka daga daidai ƙirji ba zai zauna a filin da aka ɗauka daga saman bene ba. Haɗawar kanta ba aibi ba ce, domin a ɗaya daga cikin hotunan da Leibovitz ta yi wa Sarauniya Elizabeth a 2007, lambun da ke bayanta daban aka ɗauke shi. Farar shadda mai ƙyalli a jikin baƙin mutum kuma matsala ce ta daban. In aka auna haske da fuska, riga ta ƙone, aikin wuya ya ɓace. In aka auna da riga, fuska ta nutse. A ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da kyamara ba ta gyara ba, a auna yadda rigar ba za ta ƙone ba, a kawo babbar fitila mai laushi kusa da fuska daga sama kaɗan, a tare hasken da ke sauka kan ƙirji da baƙin kwali. A tuna cewa in aka ninka nisan fitila, hasken da ke isa mutum kashi ɗaya cikin huɗu yake komawa.

Ruwa ko yashi da aka watsa a waje yana buƙatar saurin ƙiftawa 1/1000 ko fiye kafin ya tsaya cak. A cikin ɗaki walƙiyar filasha ce ke tsayar da shi, kuma ƙananan filasha sun fi gajeriyar walƙiya idan aka rage musu ƙarfi.

Yanayinmu yana da nasa hukuncin. Daga Maris zuwa Mayu kwalliya ba ta jure rana, gara a gama kafin ƙarfe tara ko a bari sai bayan La'asar. Hazon hunturu yana tausasa haske, yana kyau ƙwarai, amma kada a canza gilashi a waje, domin ƙurar da ta shiga za ta fito ɗigo-ɗigo a sararin sama da zarar an tsuke ƙofar haske zuwa f/11. Wuraren tarihi irin su Hasumiyar Gobarau da rijiyar Kusugu kuwa ba a kai musu fitilu da tsani sai da izinin masu kula da su. Mai son labarin Bayajidda da macijiya gara ya gina bakin rijiya na katako da laka a fili, zai ma fi samun ikon sarrafa haske.

Sai maganar littafi. Mujalla wata ɗaya take yi a wuce ta, waya kuma tana matse hoto ta cinye ƙananan abubuwan da aka sha wahala a kansu. Shi ya sa masu wannan aiki ke tara shi a manyan littattafan fasaha, inda rubutu kaɗan ne, hoto ke cin shafi. Littafin LaChapelle na farko ya fito a 1996. Kamfanin Taschen na birnin Kolon a Jamus ya kai abin maƙura a 1999 da littafin mai ɗaukar hoto Helmut Newton mai tsawon santimita 70 da faɗin 50, nauyinsa kusan kilo 30, har da teburinsa ake sayar da shi. Irin waɗannan akan buga adadi ƙayyadadde, a sa wa kowane lamba, mai hoton ya sa hannu, kuma hakan ne ke ɗaga kuɗinsu.

Takarda ba ta rufa wa kowa asiri. Zaren da aka goge rabi da rabi, wanda ba a gani a waya, a shafi zai fito ɓaro-ɓaro. Shafin A4 a ɗigo 300 kowane inci yana buƙatar fiksel 2480 da 3508, a ƙara milimita 3 a kowane gefe saboda yanka. Kyamara mai megafiksel 24 ta wadatar ko da hoton zai ci shafi biyu, amma wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto ba zai yi ba, sai ainihin fayil ɗin. In zai ci shafi biyu, kada fuska ta faɗo tsakiya, ɗinki zai haɗiye hanci. Allo yana haɗa launi da haske kala uku (RGB), maɗaba'a da tawada kala huɗu (CMYK), kuma shuɗi, kore da shunayya masu ƙarfi su ne ke fara mutuwa a wannan sauyi. Rawani mai baƙin shuni yakan fito baƙi ƙirin babu sheƙi, don haka a nemi gwajin bugu a kan ainihin takardar kafin a ba da izini. Takarda mai santsi ta giram 150 zuwa 170 a kowace murabba'in mita ta dace, wadda ta gaza haka hoton baya zai riƙa leƙowa. Galibi shafi 16-16 ake bugawa, saboda haka 96 ko 112 ya fi 100 sauƙin lissafi. A zaɓi ɗinkin zare, domin gam kaɗai ba ya riƙe takarda mai kauri a zafin Katsina, kuma littafin ba zai buɗu sosai ba. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Laburaren Ƙasa ake samun ta.

Kafin duk wannan, a rubuta yarjejeniya da wanda aka ɗauka. Amincewa a saka hoto a Instagram ba amincewa a buga shi a littafin sayarwa ba ce. Takardar ta faɗi inda za a yi amfani da hoton, tsawon lokaci, ko jarumin zai ga aikin kafin a buga, da kason kowa idan an sayar. Mai kwalliya, tela da wanda ya gina wurin su ma a sa sunayensu a shafin ƙarshe.