Waiwaye: Yadda Mawaƙan Rum Suka Shiga Inuwar Masu Dukiya

Har yau masana adabin Latin ba su daina jayayya a kan Virgil da Horace, manyan mawaƙan tsohuwar Rum, ba. Wasu na ɗaukarsu maroƙan fada ne da aka toshe wa baki da kyauta, wasu kuma na cewa sun ci tuwon manya ba tare da sun sayar da alƙalaminsu ba. Galibi akan fara labarin daga Maecenas, attajirin nan aminin Augustus, sarkin daular Rum na farko, kamar shi ya ƙirƙiro al'adar ɗaukar nauyin mawaƙa, alhali ya tarar da ita ta daɗe da kafuwa.

Livius Andronicus, wanda aka nuna wasansa a Rum a shekarar 240 kafin haihuwar Annabi Isa, 'yantaccen bawa ne, mawaƙi Ennius kuma ya raka sarkin yaƙi Fulvius Nobilior fagen fama a 189, ya dawo ya yi masa waƙa. Mawaƙi ba shi da wata madogara, domin da hannu ake kwafar littafi, riba ta mai sayarwa ce, shi marubuci suna kawai yake samu.

Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne rabon gonakin da ya biyo bayan yaƙin Filibi na shekarar 42, inda ɓangaren Augustus ya yi nasara a yaƙin basasar Rum. Sojoji masu ɗimbin yawa sun ajiye makamai suna jiran lada, sai aka ƙwace gonakin garuruwan Italiya da aka ware tun kafin yaƙin, su 18, aka raba musu. Da ƙasar Cremona ta gaza, sai rabon ya malala zuwa Mantua, yankin su Virgil, kuma waƙoƙinsa na makiyaya sun buɗe ne da manomin da aka raba da gonarsa. Dangin mawaƙi Propertius a Umbria sun yi irin wannan asara. Shi kuwa Horace, ɗan 'yantaccen bawa daga Venusia wanda ya yi karatu a Atina, ya yi yaƙin ne a ɓangaren da aka ci, ya dawo bayan afuwa ya tarar da gadon mahaifinsa ya salwanta, ya kama aikin magatakarda a baitulmali. Shi da kansa ya rubuta cewa talauci ne ya tura shi tsara baitoci.

A ganina nan ne bakin zaren labarin waɗannan mawaƙa. 'Ya'yan masu rufin asiri ne, masu ilimi, da aka raba da abin da zai ciyar da su, a ƙasar da gona ce mutuncin namiji. Wajen shekarar 38 Virgil da wani mawaƙi, Varius, suka gabatar da Horace ga Maecenas, wanda sai bayan wata tara ya sake kiransa, daga baya ya ba shi gona a ƙasar Sabine mai bayi takwas da gidaje biyar na manoma 'yan haya. Abin lura, wannan gonar ce ta tsaya masa har ya iya ƙin aikin sakatare da Augustus ya yi masa tayi.

Maecenas da Horace sun mutu a shekara guda, ta 8 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma kyautar manya ta riƙa raguwa bayansu. Ƙarni ɗaya bayan haka mawaƙi Martial yana kukan sammakon zuwa gaisuwa ƙofar iyayen gida domin 'yan kuɗin da ake raba wa barori, kuma da ya gaji ya koma garinsu Bilbilis a Sifen wajen shekarar 98 miladiyya, marubuci Pliny Ƙarami ne ya ba shi guzurin hanya.