Cire tamostat ba ya maganin zafin inji

An daɗe ana cewa idan tsohuwar mota mai injin V8 (mai silinda takwas), irin Mustang ko Charger ta 1969, tana zafi, a cire tamostat a huta. Bakanikai a Amurka sun faɗa, namu ma suna faɗa, kuma da kyakkyawar niyya.

Tamostat ɗan bawul ne a hanyar ruwan sanyaya inji. Aikinsa shi ne ya tsare ruwan har inji ya ɗumama, sannan ya buɗe a wajen digiri 82 na Salsiyas. Idan aka cire shi, inji yakan daɗe da sanyi, ya sha mai, ya ci jiki, alhali ainihin ciwon yana nan.

Gwada shi da kanka: saka shi a tukunyar ruwa bisa wuta tare da ma'aunin zafi. Za ka ga bakinsa ya buɗe kafin ruwa ya tafasa. In bai buɗe ba, sauya shi.

In ya buɗe, matsalar tana wani wuri: lura da lokacin da allurar zafin inji ke hawa idan kana tuƙi. A cunkoso, duba fanka da bel. A kan gudu, zargi lagireto da ya toshe ko tiyonsa na ƙasa da ke motsewa. Kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, don Allah.

A tura wa masu irin waɗannan motoci.