Daidaito da adalci a ƙagaggun labaran tarihi kan auren mata da yawa na 'yan Mormon

Wannan batu ne da masu nazarin adabi da masu tarihi a Amurka suka daɗe suna ja-in-ja a kai, wato yaya marubucin ƙagaggen labari zai ɗauko zamanin da mabiya cocin Mormon ke auren mata fiye da ɗaya, daga wajen 1841 zuwa 1904, ya yi littafi da shi ba tare da ya ƙara gishirin da zai ɓata tarihi ba, kuma ba tare da ya wanke abin da bai wanku ba. Rigimar ta fi shekara 150 ana yinta, don littattafan ɓatanci sun fara fitowa ne tun mutanen suna raye suna karantawa.

Asalin abin

Joseph Smith ne ya kafa cocin a jihar New York a 1830. A garin Nauvoo na jihar Illinois ya fara koya wa na kusa da shi auren mata da yawa a ɓoye, aka rubuta abin da ya ce wahayi ne a kai ranar 12 ga Yulin 1843, matarsa ta fari Emma kuma ta yi ta adawa da abin. Da wata jarida mai suna Nauvoo Expositor ta tona asirin a Yunin 1844 sai hukumar garin ta sa aka farfasa injin buga ta, wannan ya kai shi gidan yarin Carthage inda gungun mutane suka kashe shi ranar 27 ga watan. Brigham Young, wanda ya gaje shi a shugabancin cocin, ya ja mafi yawan mabiyan zuwa kwarin Salt Lake da ke yankin Yuta tun daga 1847, sai a 1852 aka fito fili aka ce eh muna yi. Gwamnatin tarayya ta yi dokar hana auren a 1862, kotun ƙoli ta goya mata baya a shari'ar Reynolds a 1879, aka ƙara tsananta doka a 1882 da 1887, aka ɗaure maza sama da dubu aka ƙwace dukiyar coci. Shugaban cocin Wilford Woodruff ya sanar da dainawa a 1890, Yuta ta zama jiha a 1896, amma an ci gaba da ɗaura wasu auren a ɓoye har sai da aka sake sanarwa ta biyu a 1904.

Bahaushe in ya ji wannan zai iya cewa to mene ne abin labari, ai kishiya ba baƙuwa ba ce. Amma akwai bambanci sosai. Su ba su da iyakar huɗu, ana haɗa ya da ƙanwa a gidan miji ɗaya kuma ba sau ɗaya ba sau biyu ba, sannan a aƙidarsu auren ɗauri ne na har lahira, akwai ma wanda ake ɗaurawa don lahira kaɗai ba zaman tare. Kuma matan nan yawancinsu a gidajen mace ɗaya suka tashi, wasu daga Ingila wasu daga ƙasashen arewacin Turai, babu uwa ko kaka da za ta koya musu zaman kishi ko rabon kwana, da kansu suka lalubo.

Littattafan da suka shafa musu kashin kaji

Na farko-farkon da ya yi kasuwa shi ne Female Life Among the Mormons na 1855, da sunan aro Maria Ward, an sayar da shi kamar labarin gaskiya alhali ƙage ne. Daga nan salon ya kafu: yarinya marar wayo an yaudaro ta, dattijo mai gemu da ido a kanta, ga 'yan sandan asiri na coci suna farautar duk wanda ya yi niyyar gudu. Marubutan lokacin sun riƙa kwatanta 'yan Mormon da Musulmi da Turkawa don su nuna cewa ba Amurkawan ƙwarai ba ne, kuma ba a littafi kaɗai ba, hukuncin kotun ƙoli na 1879 shi kansa ya ce auren mata da yawa ɗabi'a ce ta mutanen Asiya da Afirka. Duk mai karanta waɗannan littattafai daga ɓangarenmu na duniya ya kamata ya lura da wannan, don raini biyu ne aka ɗaure a igiya ɗaya.

Wanda ya fi kowanne yaɗuwa shi ne A Study in Scarlet na Arthur Conan Doyle, 1887, littafin da Sherlock Holmes ya fara fitowa a ciki. Rabinsa na biyu a Yuta yake, an yi wa Lucy Ferrier auren dole, an kashe mariƙinta, baƙin ciki ya kashe ta, Brigham Young da kansa ya zo gida yana barazana. Doyle lokacin bai taɓa taka Yuta ba, sai a 1923 ya je. Ƙungiyar 'yan bangan Mormon ta Danite da ya dogara a kanta an yi ta da gaske, amma a Missouri a 1838, shi kuma ya ɗauko ta ya mai da ita rundunar asiri mai tsare mata a Yuta shekaru bayan haka. Zane Grey ma a Riders of the Purple Sage na 1912 hanyar ya bi. Ba wai babu jini a tarihin ba ne, kisan Mountain Meadows na Satumban 1857 da 'yan Mormon masu makamai suka hallaka matafiya kusan 120 yana nan ba mai goge shi, amma wannan daban da cewa kowace matar aure fursuna ce.

Inda alƙaluma suka saɓa wa labari

Babban kuskuren da ake yawan yi shi ne ɗaukar gidan Brigham Young a ce haka kowane gida yake. Shi an ɗaura masa aure da mata wajen 55, ya haifi 'ya'ya sama da 50 da 16 daga cikinsu, ya gina dogon gidan nan Lion House a Salt Lake mai jerin tagogi a sama, marubuci in ya ga wannan dole alƙalami ya yi masa ƙaiƙayi. To amma kusan kashi biyu cikin uku na mazan da suka ƙara aure mata biyu kawai suka yi, kuma a wajen 1870 tsakanin kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari na mabiyan Yuta ne ke zaune a irin waɗannan gidaje. Saki ma bai yi wa mace wuya ba, Young ya amince da saki sama da 1,600. Ainihin wahalar da ke cikin kundin tarihin da matan suka rubuta da hannunsu sau da yawa ba ƙulle ba ce, talauci ne da kaɗaici, miji yana wani gari da ɗaya matar ko coci ta tura shi wa'azi shekara biyu, ita tana noma tana saƙa tana binne yara ita kaɗai.

Kuma matan ba bebaye ba ne. A Janairun 1870 dubbansu suka taru a Salt Lake suna zanga-zangar kare auren nasu, a shekarar aka ba matan Yuta damar jefa ƙuri'a, majalisar tarayya ce ta ƙwace a 1887. Martha Hughes Cannon likita ce kuma matar Angus Cannon ta huɗu, a 1886 ta gudu Ingila da jaririyarta a hannu don kar a tilasta ta ba da shaida a kan mijinta, wasiƙunta daga can cike suke da kishi da ƙunci, bayan ta dawo, a 1896 ta ci zaɓen sanatan jiha, zaɓen da shi mijin ya tsaya ya faɗi. Gaskiya mace irin wannan ta fi ƙarfin labarin yarinyar da aka sace.

Kuskuren ɗaya ɓangaren

Akwai kuma marubutan cikin gida da ke rubuta wa masu imani, su nasu laifin rufa-rufa ne. A ce an yi auren ne don a tallafi zawarawa saboda mata sun fi maza yawa, alhali ƙidayar jama'ar Yuta ba ta nuna rarar mata ba. A tsallake Nauvoo da sauri, inda aka yi ta musantawa a bainar jama'a ana yi a ɓoye, har wasu auren Emma ba ta sani ba. Cocin da kanta a 2014 ta wallafa bayani ta yarda cewa an ɗaura wa Smith aure da mata 30 zuwa 40, wasunsu suna da mazaje, ƙaramarsu Helen Mar Kimball ba ta cika 15 ba. Helen ɗin nan ita ce jarrabawar marubuci. Mahaifinta ne ya kawo mata maganar, an gaya mata tsiran danginta yana tattare da amincewarta, daga baya ta rubuta yadda abin ya ƙona zuciyar mahaifiyarta da yadda ita ta ji an raba ta da ƙuruciya, sannan ita ɗin dai ta wallafa ƙasidu tana kare auren a shekarun 1880. Wanda ya ɗauki kukanta ya bar ƙasidun ya rage ta, wanda ya ɗauki ƙasidun ya bar kukan ya fi zaluntarta, a ganina.

Waɗanda suka kusa kama bakin zaren

Jikokin gidajen ne suka fara yi da kyau. Maurine Whipple 'yar St. George a kudancin Yuta ta fitar da The Giant Joshua a 1941, labarin Clory wadda ta shiga a ta uku, da zaman ta da uwargida, da ruwan kogi mai cinye madatsa duk shekara, da imanin da bai bar ta ba duk da wahala. Mutanen garinsu da yawa ba su ji daɗinsa ba. Virginia Sorensen a 1942 ta rubuta kan Nauvoo ta idon matar da aka yi wa kishiya tana kwance ba lafiya.

Na baya-bayan nan da aka fi magana a kai shi ne The 19th Wife na David Ebershoff, 2008, kan Ann Eliza wadda Young ya aura a 1868 yana girme ta da shekara sama da 40, ta kai ƙarar neman saki a 1873, ta zaga Amurka tana lacca, ta rubuta littafin tarihinta. Shaidarta tana da daraja amma shaida ce ta mai husuma a kotu, ko cewa ita ce mata ta 19 ɗin ma masu tarihi sun nuna ta wuce nan a lissafi. Ebershoff ya ƙirƙiro wasiƙu da takardun ajiya masu kama da na gaske ya zuba a ciki, ya yi bayani a ƙarshen littafin cewa ƙirƙira ce, amma wa ya san mutum nawa ke karanta wannan shafin. Ya kuma jera labarin da wani na zamanin yanzu a cikin ƙungiyar da ta ɓalle daga cocin ta ci gaba da auren mata da yawa, irin ta Warren Jeffs wanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai a Texas a 2011 kan lalata da ƙananan yara. Masu suka na cewa wannan jerawa tana sa mai karatu ya yi musu kuɗin goro da babbar cocin, wadda yau take korar duk ɗanta da ya ƙara aure, masu kare shi kuma na cewa ai ɓallaggun daga wahayin 1843 ɗin suke kafa hujja, kuma har yau yana nan a littafin cocin a sashe na 132 ba a cire ba.