Gwajin ji: me ake dubawa a kunne, kuma me sakamakon yake nufi?

Baba yana jin sallama tun daga zaure, amma sai an maimaita masa magana. Wannan ma raunin ji ne?

Shi ne ma wanda ya fi yawa a manya. Magana tana da sauti mai kauri da sauti siriri. Wasula da karin murya suna cikin masu kauri, haruffa irin su s, sh, ts da f kuwa sirara ne, ba su da ƙarfi. Tsufa da ƙarar inji sukan fara cin ɓangaren kunnen ciki da ke ɗaukar siraran, sai mutum ya riƙa jin muryar sarai amma kalmar ta dagule masa. Sara, tsara da fara sukan zo masa kusan iri ɗaya. A ce masa saba'in, ya ji arba'in. Shi ya sa yake cewa yaran yanzu a ciki suke magana, kuma da gaske yake, haka take isa kunnensa.

Idan na tafa a bayan yaro ya waiwayo, ba shi ke nan yana ji ba?

A'a. Tafi ƙara ce mai ƙarfi, wanda ya rasa rabin jinsa ma zai iya jin ta. Yaro kuma yana iya ganin inuwar hannu ko jin iskar tafin a ƙeyarsa. Idan kunne ɗaya ne ya mutu, lafiyayyen zai rufa masa asiri. Tafi ba ya faɗin wane kunne ne, wane sauti aka rasa, balle inda matsalar take, waɗannan ukun kuwa su ke nuna maganin da ya dace.

To me ake yi a cikakken gwaji?

Yakan ɗauki minti 30 zuwa awa ɗaya, ba allura, ba zafi. Da tambayoyi ake farawa: yaushe abin ya soma, kunne ɗaya ne ko biyu, akwai mugunya, jiri ko ƙugi a kunne, wace sana'a ake yi. A faɗa wa ma'aikaci idan an taɓa yin sanƙarau, ƙyanda, hangum ko zazzaɓin Lassa, domin kusan ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka warke daga Lassa sukan samu raunin ji. A faɗi kuma idan an sha allurar jentamaisin, sitiraftomaisin ko kwinin, su ma suna taɓa kunnen ciki.

Sai a haska ramin kunne da 'yar fitila a duba dauɗa, ƙwaro, ƙwayar masara ko wake a kunnen yara, da dodon kunne ko ya fashe. Idan dauɗa ta toshe ramin, cire ta ake yi tukuna.

Daga nan a sa ɗan roba a bakin kunne, na'ura ta canja matsin iska ta auna motsin dodon kunne. Sakan kaɗan ne. Idan zanen da na'urar ta fitar ya zo da tudu a tsakiya, dodon kunne yana motsi lafiya lau. Idan ya fito a shimfiɗe, galibi ruwa ne ya taru a bayan dodon, ko kuwa akwai huji.

Babban gwajin a ɗaki na musamman ake yin sa, wanda ƙarar waje ba ta shiga. A sa wa mutum hedifon, a riƙa aika sauti kunne ɗaya bayan ɗaya, daga mai kauri na hatz 250 zuwa siriri na hatz 8000 (hatz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), ana rage ƙarfinsa har a gano mafi ƙanƙantar da yake iya ji. Duk lokacin da ya ji, ko da kamar a mafarki ne, ya danna maɓalli ko ya ɗaga hannu. Sannan a ɗora wani ɗan abu mai girgiza a kan ƙashin bayan kunne, wanda ke kai sauti kai tsaye zuwa kunnen ciki ba tare da ya bi ta rami da dodon kunne ba. Idan kunne ɗaya ya fi ɗaya nesa ba kusa ba, sai a sa wa mai kyaun wata ƙara mai shuu don kada ya amsa a madadin ɗan'uwansa.

A ƙarshe a karanto kalmomi mutum ya maimaita. Wanda ba ya jin Turanci ya nemi a yi masa da Hausa, in ba haka ba rashin sanin harshe zai fito a takarda kamar raunin ji.

Yaya ake karanta takardar sakamakon?

Takardar zane ce mai alamomi: jan da'ira na kunnen dama ne, shuɗin X na hagu. Daga hagu zuwa dama sauti yana ƙara sirancewa, kuma duk yadda alama ta gangara ƙasa, haka jin ya yi rauni. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021, ana duba sauti mafi ƙanƙanta da mutum ke iya ji da desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti: ƙasa da desibel 20 lafiya ne, 20 zuwa 34 rauni kaɗan, 35 zuwa 49 matsakaici, 50 zuwa 64 ya fara tsanani, 65 zuwa 79 mai tsanani, daga 80 zuwa sama ana dab da kurunta ko ma an kai ga cikakkiyar kurunta. Hira ta yau da kullum tana wajen desibel 60, raɗa kuma wajen 30.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne kwatanta layin hedifon da layin ƙashi. Idan ta ƙashi ana ji da kyau amma ta hedifon ba a ji, to hanya ce ta toshe: dauɗa, ruwa, fasasshen dodo, ko ƙananan ƙasusuwa uku na kunnen tsakiya. Irin wannan sau da yawa magani ko tiyata na gyara shi. Idan layukan biyu sun gangara tare, ƙwayoyin gashin da ke cikin katantanwar kunnen ciki ne suka lalace, ko jijiya, kuma waɗannan ƙwayoyi ba sa sake tsirowa. Mai injin niƙa, mai walda ko mai gyaran janareta layinsa a takarda yakan nuna wani rami a daidai hatz 4000 tun kafin shi kansa ya lura. Awa 8 a cikin ƙarar desibel 85 ita ce iyaka a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu.

Jariri fa, tunda ba zai ɗaga hannu ba?

Akwai gwaji biyu da ba sa buƙatar amsarsa. Na farko, mai suna OAE, yana sauraren ɗan amsa-kuwwar da lafiyayyen kunnen ciki ke mayarwa. A na biyun kuma, mai suna ABR, ana manna wayoyi a goshi da bayan kunnen jariri yana barci, a ga ko saƙo yana bin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙa'idar ita ce tantancewa kafin wata 1, tabbatarwa kafin wata 3, fara taimako kafin wata 6. Bakwaini, jaririn da ya yi shawara mai tsanani, da wanda bai yi kuka da wuri ba bayan haihuwa, su ne kan gaba. Kada a jira da cewa nauyin baki ne na gado. Yaron da ya shekara ba ya waiwayowa idan an kira sunansa, a kai shi.

Me ke ɓata sakamako?

Mura mai toshe kunne, zuwa gwaji kai tsaye daga wurin inji, ɗaki mai hayaniya, da na'urar da aka daɗe ba a daidaita ba. A huta daga ƙara aƙalla awa 14 kafin gwaji. Wasu tsofaffi kuma sukan jira sai sautin ya yi ƙarfi kafin su danna, don gudun kuskure, sai takarda ta nuna raunin ya fi yadda yake.

Yaya raunin ji ke taɓa rayuwar mutum?

Wurin taro ya fi bayyana. Mutum biyu a ɗaki ana fahimtar juna, amma a wurin ɗaurin aure, suna ko kasuwa sai muryoyi su cakuɗe. Dattijo ya gaji da cewa "na'am?", ya koma gyaɗa kai, daga baya ya daina fita majalisa gaba ɗaya, a gida a ce rikicin tsufa ne. A masallaci huɗuba ta wuce shi, a waya ya kasa kama lambar asusu. Matar aure a ce tana yi wa miji ko suruka kunnen uwar shegu, alhali ba ta ji kiran ba. Wannan zargi yana ci wa mutane rai ƙwarai, kuma da yawa cikinsu ba su san kunnensu ne ba.

Yaro a aji ko a makarantar allo ya fi kowa shan wahala. Yana zaune a baya, rabin karatu na wuce shi, a kira shi daƙiƙi ko mai kunnen ƙashi, har a dake shi. Mai kunne ɗaya kuwa ba ya gane ta ina ƙara ta fito, don haka hon ɗin babur a titi haɗari ne gare shi.

Ihu ba ya taimakawa, ƙara dagula kalma yake yi. A kira sunan mutum tukuna, a fuskance shi cikin haske, a kashe rediyo, a yi magana a natse. Idan bai gane ba a sauya kalmar maimakon a nanata ta.

Wane yanayi ne ba ya jira?

Kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya cikin kwana 3 ko ƙasa da haka: a je asibiti ranar, domin maganinsa ya fi aiki cikin mako 2 na farko. Haka mugunya tare da zazzaɓi, kumburin bayan kunne ko karkacewar baki. Wanda ya tashi daga sanƙarau ma a gwada shi da wuri, saboda kunnen ciki na iya fara zama ƙashi cikin makonni. Kada a ɗiga mai ko ruwan ganye a kunne mai zubar da ruwa, kada a sosa da tsinken ashana ko gashin kaza.

Zan iya saya wa Inna na'urar ji a kasuwa ba tare da gwaji ba?

Ta kasuwa tana ƙara wa kowane sauti ƙarfi daidai wa daida, ƙarar tukunya da fanka su rufe maganar, bayan kwana biyu Inna ta jefa ta cikin kwalla. Ta asibiti ana saita ta ne bisa takardar gwajin, ta ɗaga sautin da aka rasa kawai, kuma sai an yi makonni kafin kunne ya saba. A cire ta kafin alwala da wanka, a goge ƙurar hunturu, a buɗe gidan batir da dare. Ana yin gwajin a Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, da sashen kunne, hanci da maƙogwaro na asibitocin koyarwa irin na Aminu Kano da na Shika a Zariya. A tafi da tsohuwar takardar gwaji idan akwai, da wani na gida wanda Inna ta saba da muryarsa.